Marar taga, mai baranda ko ciki da falo: wane ɗaki za ka kama a jirgin ruwan shaƙatawa?

Mutum biyu za su shiga jirgin ruwa ɗaya, su ci abinci a zaure ɗaya, su kalli wasannin dare tare, su sauka a garuruwa ɗaya, amma ɗayan ya biya ninki biyu ko uku na abin da ɗan'uwansa ya biya. Bambancin duka a wurin kwana yake. A nan ne masu shirin tafiya suka fi zuba kuɗi inda ba za su more su ba, wasu kuma su yi tsumulmular da za su yi ta cizon yatsa a kanta har ranar sauka.

Kamfanoni suna jera ɗakunan daga mai araha zuwa mai tsada, ta yadda ido zai ɗauka duk wanda ke sama ya fi na ƙasa. Ni a wurina matsayin ɗaki a takardar farashi shi ne abu na uku. Hanyar da jirgin zai bi, da inda ɗakin yake a jikin jirgin, su ne kan gaba.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ainihin kuɗin. Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Idan ka ga bambancin dala 400 tsakanin ɗaki biyu, kai da abokin tafiyarka dala 800 ke nan. Wanda zai tafi shi kaɗai kuwa sau da yawa ana cajinsa kusan kuɗin mutum biyu. Sannan akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kullum. A manyan kamfanonin Amurka yana kamawa daga kusan dala 16 zuwa 25 a rana, kuma masu manyan ɗakuna ne ke biyan na sama.

Na biyu, awa nawa za ka yi a ɗakin idonka biyu? Jadawalin tafiyar ne ke amsa wannan. Zagayen mako guda a Bahar Rum, irin wanda ke taɓa Basalona da Marseille da tashar Civitavecchia ta zuwa Roma da Naples, kusan kullum da safe jirgi na tsaye a wani gari. Za ka fita da hantsi, ka dawo da yamma ƙafa ta yi tsami, ka yi wanka, ka ci abinci, ka kwanta. Ƙetare Atlantika kuwa, kamar yadda jirgin Queen Mary 2 ke yi tsakanin Southampton da New York, dare bakwai ne ba tudu. Waɗannan tafiyoyi biyu ba ɗaki iri ɗaya suke so ba.

Na uku, ko daɗin abin zai ɗore har ƙarshen tafiya, ko kuwa na ranar farko ne kawai da ɗaukar hoto. Na huɗu sauƙin zama: fili, wurin ajiye kaya, nisan tafiya zuwa lif. Na biyar kasada, wato abin da zai iya ɓata maka tafiyar, da ko za ka iya janyewa in ka canza shawara.

Ɗaki marar taga

Shi ne mafi araha, yana tsakiyar jirgi da bango ta kowane gefe. Girmansa a yawancin jiragen zamani yana tsakanin murabba'in mita 13 da 17. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne gado da banɗaki da hidimar mai gyaran ɗaki kusan duk ɗaya ne da na mai baranda da ke tsallaken lungu. Gadaje biyu ne da ake haɗewa su zama ɗaya in an buƙata, akwatuna suna shiga ƙarƙashinsu, bangon kuma ƙarfe ne, don haka maratayi mai maganaɗisu yana kamawa ya ƙara maka wurin rataye kaya.

In aka kashe fitila, duhu ne na gaske, ba ka ganin tafin hannunka. Wasu ba su taɓa samun barci irin wannan ba. Wasu kuma su farka ba su san ko asuba ce ko azahar ba, bayan kwana uku jikinsu ya rikice. Dabarar da aka saba ita ce a bar talabijin a tashar da ke nuna kyamarar gaban jirgi, a kashe sautin. Gari na wayewa, ɗakin zai yi haske. Kamfanoni ma sun lura da wannan damuwar. Disney ya sa tagar bogi mai nuna hoton waje kai tsaye a jirginsa Disney Dream a 2011, Royal Caribbean kuma ya kawo allo mai tsayi daga ƙasa zuwa rufi a 2014, yana nuna teku kamar kana da baranda. Yana rage ƙunci, amma iska ba ta shigowa ta allo.

A lokacin zafin ƙasar Nowe, can arewa inda rana ba ta faɗuwa, duhun nan riba ne. Kasadar ɗakin ɗaya ce babba: in kana cikin masu jin ƙuntata a rufaffen wuri, ko rashin lafiya ta tsare ka a ɗaki kwana biyu, za ka ji a jikinka.

Ɗaki mai taga

Tagar ba ta buɗewa. Haske kake saye da ganin ruwa, ba iska ba. Yawancin waɗannan ɗakunan suna hawan ƙasa ne ko can gaban jirgi, kuma a sababbin jirage sun yi ƙaranci saboda an mayar da gefen jirgi kusan duka baranda. Wani lokaci za ka tarar tazarar farashi tsakaninsa da mai baranda ba ta taka kara ta karya ba. In haka ne, ba shi da dalili. In kuma ya fi kusa da marar taga a farashi, to ya cancanci a duba, musamman ga mai saurin jiri, domin kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana kwantar da tashin zuciya, ga shi kuma hawan ƙasa bai cika girgiza ba.

A lura da waɗanda aka rubuta cewa an tare musu gani. Kwale-kwalen ceto ne ke rataye a gaban tagar. Wani ya rufe ta gaba ɗaya, wani ɗan gefe kawai ya ci, kuma ragin farashin sau da yawa ɗaya ne. Taswirar jirgi za ta nuna maka wanda ya faɗo tsakanin kwale-kwale biyu.

Ɗaki mai baranda

Shi ne wanda aka fi so, kuma shi ne ya fi bukatar a tsaya a yi tunani. Cikin ɗakin yakan kai murabba'in mita 16 zuwa 20, galibi da ɗan kujerar zama, barandar kuma kusan mita 4 zuwa 5: kujeru biyu da ɗan tebur da bai wuce ya ɗauki kofi biyu ba. Ƙofar gilashi ce mai nauyi, kuma a jirage da yawa da ka buɗe ta na'urar sanyaya ɗaki za ta tsaya. In ka bar ta a buɗe wani ya buɗe ƙofar lungu, iskar da za ta ratsa ta isa ta watsar da takardun da ke kan tebur ta kuma buga ƙofar da ƙarfi.

Inda baranda ke biyan kuɗinta shi ne inda kallon yake zuwa ya same ka. A Alaska, daga Mayu zuwa Satumba, jirgi na ratsa mashigai tsakanin tsibirai da duwatsu sa'o'i da dama. A Glacier Bay, wani gandun ƙasa da ke Alaska, inda hukumar gandun ba ta barin fiye da manyan jirage biyu su shiga a rana, kyaftin yana tsayawa gaban katangar ƙanƙara ya juya jirgin a hankali don kowane gefe ya samu rabonsa. Mai baranda yana zaune da bargo da abin sha mai zafi, sauran jama'a suna can sama suna neman wurin tsayawa. Haka mashigan Nowe irin su Geiranger, inda ake shiga da sassafe, lokacin da ba kowa ke son sa kaya ya hau sama ba. A Karibiyan ma, in akwai ranakun da ake yini a teku, tana da daɗi da safe da kuma bayan la'asar.

Inda ba ta biya kuwa: Bahar Rum mai tasha kullum, gajeriyar tafiya ta dare uku ko huɗu, da arewacin Atlantika lokacin sanyi, inda iska za ta kore ka ciki cikin minti biyar. Ba banza ba Queen Mary 2 ke da wasu barandu da aka huda a cikin jikin ƙarfen jirgin don su tare iska.

Sannan ba duk baranda ce ke kallon teku ba. A jiragen ajin Oasis na Royal Caribbean, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 2009, wasu barandu suna fuskantar lambu ko dandalin wasa da ke tsakiyar jirgin, kana kallon maƙwabcinka na tsallake yana kallonka. Jirgin Celebrity Edge, a 2018, ya zo da wani salo: barandar tana cikin ɗakin, rabin gilashin sama ne ke sauka in ka danna maɓalli. Ɗakin ya ƙara fili, amma masu son su fita waje sosai ba su gamsu ba, kuma ana iya kulle gilashin daga wurin tuƙi in yanayi ya ɓaci. Barandun da ke bayan jirgi sukan fi faɗi, iska ba ta da ƙarfi, kana kallon farin layin da jirgi ya bari a ruwa. Kuɗinsu ya fi, tafiya zuwa lif ta fi nisa, wani lokaci kuma ana jin karkarwar inji.

Masu ƙananan yara sukan tambayi batun tsaro. Dokar Amurka ta 2010 ta wajabta wa jiragen da ke ɗaukar fasinja a tashoshinta shinge mai tsayin akalla inci 42, wato kusan santimita 107, kuma ƙofar baranda takan zo da makulli a sama inda hannun yaro bai kai ba. Duk da haka akwai kujera a wurin, yaro kuma yana hawa kujera. Mai shan taba shi ma kada ya sayi baranda don ya sha taba a can. Yawancin kamfanoni sun hana. Gobarar jirgin Star Princess a Maris 2006, wadda ta ci ɗakuna da yawa ta kuma yi sanadin mutuwar fasinja ɗaya, a baranda ta tashi, kuma masu bincike sun fi zargin guntun taba.

Ciki da falo

Nan sunan ɗakin yana ruɗi. Ƙaramin cikinsu, wanda ake tallatawa da suna mai daɗi, sau da yawa ɗaki mai baranda ne da aka ɗan faɗaɗa aka sa masa bahon wanka, ba tare da gatan manyan ba. Na gaskiyar kuwa fili kaɗan ne daga abin da ake saye. Sauran shi ne rashin bin layi wurin shiga da fita, hadimi na musamman, wurin cin abinci da na hutawa da ba kowa ke shiga ba. MSC yana da Yacht Club, Norwegian yana da The Haven, Celebrity yana da The Retreat, Cunard kuma yana da zaurukan cin abinci na Princess Grill da Queens Grill. A jirgi mai ɗaukar mutum 5,000 ko fiye, samun kujera a bakin wurin ninkaya ba tare da sammako ba abu ne mai daraja.

Sai dai kafin ka biya ninki uku ko huɗu, duba farashin ɗaki na talakawa a ƙananan jiragen alfarma. Wani lokaci kuɗin sun yi kusa, can kuma babu cunkoson da za ka biya don ka guje masa.

| Ɗaki | Kuɗi | Daɗin da ke ɗorewa | Sauƙin zama | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Marar taga | Mafi araha | Barci mai nauyi. Ƙunci a doguwar tafiya | Ya ishi mutum biyu | Rikicewar lokaci, jin ƙuntata |
| Mai taga | Ƙari kaɗan | Hasken rana kullum | Kusan ɗaya da marar taga | Kwale-kwale a gaban taga, ƙarar gaban jirgi |
| Mai baranda | Matsakaici zuwa mai tsada | Ya dogara da hanya da yanayi | Fili ya ƙaru, ga iska | A biya a ƙi amfani da ita |
| Ciki da falo | Ninki biyu zuwa sama | Gata daga farko har ƙarshe | Mafi sauƙi | Suna babba, gata kaɗan |

Mazaunin ɗaki

Jirgi yana lilo ne a kan tsakiyarsa. Gaba da baya su ke ɗagawa su sauka, kuma duk yadda ka ƙara hawa sama, haka tangaɗin gefe da gefe ke ƙaruwa. Abin mamaki, ɗakuna mafi tsada galibi a sama suke, wasu ma can gaba. Mai saurin jiri da ya kama marar taga a tsakiyar hawa na biyar zai fi mai ciki da falo a gaban hawa na goma sha biyar jin daɗin daren da teku ta tashi.

Hayaniya ce ta biyu, kuma wannan a taswira ake maganinta. Buɗe taswirar hawan da ɗakinka yake, sannan ka duba na samansa da na ƙasansa. Abin da kake nema shi ne ɗakunan kwana sama, ɗakunan kwana ƙasa. In wurin ninkaya ne a samanka, tun kafin gari ya waye ma'aikata za su fara jan kujerun kwanciya suna jerawa, kana jin kiiii a kan rufinka. In ɗakin girki ne, ƙarar amalanken kwanuka ce da tsakar dare. In gidan rawa ne a ƙasanka, kiɗa zai biyo ƙarfe ya shigo filo. Hawan ƙasa a gaba yana jin sarƙar anga da injinan da ke tura jirgi gefe in za a tsaya a tasha, kuma da asuba ake tsayawa. Farin fili marar suna a taswira kusa da ɗakinka yakan zama wurin aikin ma'aikata. Ƙofar da ke haɗa ɗaki biyu ni'ima ce ga iyali, amma in baƙo ne a ɗaya gefen, har tarinsa za ka ji.

Batun dama ko hagu bai kai yadda ake zuzuta shi ba. In tafiyar je-ka-dawo ce, abin da ka rasa a tafiya za ka gani a dawowa. Sai a tafiya mai fuska ɗaya, kamar daga Vancouver ta Kanada zuwa Seward ta Alaska, inda gefen dama ke fuskantar tudu in an nufi arewa.

Hanyoyin ɗaga matsayi

Mafi tsafta ita ce ka biya bambancin tun farko ka zaɓi lambar ɗakinka da hannunka. Ka ci gaba da leƙa farashi har ranar kammala biya, wadda takan faɗo kwana 75 zuwa 120 kafin tashi. In farashi ya sauka kafin nan, kamfanoni da yawa suna yarda a gyara maka ko a matsar da kai ɗaki mafi kyau, gwargwadon irin tikitin da ka yanka. Tikitin da ba a mayar da kafin alƙalaminsa ya fi araha, amma ya fi ɗaure hannu.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake yi wa alama da GTY. Kai ka zaɓi aji, su su zaɓi ɗaki, da alkawarin ba za ka samu ƙasa da abin da ka biya ba. Farashin ya fi sauƙi, kuma lokaci-lokaci ana dacewa da ɗaki na sama. Amma cinikin biri a sama ne. Ɗakunan da suka rage bayan kowa ya zaɓa su ake rabawa, kuma akwai dalilin da ya sa suka rage. Iyalin da ke son ɗakuna biyu kusa da juna kada su kusanci wannan.

Ta uku ita ce tayi. Makonni kafin tafiya saƙo zai shigo cewa kana iya taya ɗaki mafi girma. Royal Caribbean na kiran nasa RoyalUp, Celebrity MoveUp, Norwegian kuma Upgrade Advantage. Za ka ga mafi ƙarancin abin da za a karɓa, da wani ma'auni da ke nuna ko tayinka mai ƙarfi ne ko rarrauna. Kada ma'aunin nan ya ja ka. Na mai sayarwa ne. Abin da ka rubuta na mutum ɗaya ne, za a ninka shi biyu. In aka karɓa, nan take za a cire kuɗin daga katinka, ba a mayarwa, tsohon ɗakinka kuma ya tafi. Sabon ɗakin su za su zaɓa. Amsar tana iya kaiwa kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. In tayin ya kai ka ciki da falo, kuɗin hidimar kullum shi ma zai tashi.

Lissafin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Kafin ka taya, shiga shafin kamfanin ka ga nawa ake sayar da wannan ajin yau, ka cire abin da ka riga ka biya. In bambancin dala 300 ne ga kowane mutum, tayin dala 250 ba riba ba ce, domin da ƙarin 50 za ka zaɓi ɗakin da kanka. Kuma in ka ɓata lokaci ka samo ɗaki a tsakiyar jirgi, shiru sama shiru ƙasa, ka yi tunani sau biyu kafin ka musanya shi da barandar da ba ka san inda take ba. Daga marar taga zuwa baranda tsalle ne da ake ji a jiki. Daga baranda zuwa wata barandar da aka ce ta fi, sau da yawa hawa biyu kawai aka ƙara maka, wataƙila har zuwa ƙarƙashin wurin ninkaya.

Jiran sai an shiga jirgi a roƙa a teburin karɓar baƙi ba dabara ba ce. Jiragen kan tashi a cike.

Wa ya dace da wane

Mai tafiyar Bahar Rum, ko duk wadda kullum ake sauka a gari, da mai gajeren hutu na dare uku ko huɗu: marar taga a tsakiyar jirgi, rarar kuɗin ta tafi wurin yawon gari. Mai zuwa Alaska ko mashigan Nowe: baranda, a zaɓi lambarta tun wuri. Mai saurin jiri: hawan ƙasa, tsakiya, mai taga in da hali, kuma ba GTY ba tayi. Mai tafiya shi kaɗai ya nemi ɗakunan mutum ɗaya irin waɗanda Norwegian ya fara sawa a jirginsa Epic a 2010. Ƙanana ne, kusan murabba'in mita 9, amma ba a biyan kuɗin gadon da babu kowa a kai, kuma suna ƙarewa da wuri.

Iyali mai mutum huɗu ko biyar su gwada farashin ɗakuna biyu masu ƙofar haɗi, ko mai baranda ɗaya da marar taga a tsallakensa in yaran sun girma, kafin su kalli ciki da falo. Banɗaki biyu ya fi falo amfani da safe. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, da gadaje masu saukowa daga rufi, yana yiwuwa, amma dare bakwai yana da tsawo. Mai keken guragu ko wanda tafiya ke yi wa wuya ya nemi ɗakunan da aka tanada musamman, masu faɗin ƙofa da banɗaki marar dandamali. Kaɗan ne a kowane jirgi, don haka da an buɗe sayarwa ake kama su. Wanda cunkoso ke hana shi sakewa, ga kuma hali, shi ne mai ciki da falo na gaskiya, bayan ya karanta jerin gatan da ke tare da wannan ajin a wannan jirgin. Wanda kuwa barcinsa nauyi ne, teku ba ta damunsa, kuma ko ina aka ajiye shi daidai ne, shi GTY da tayi aka yi dominsa.